Ranar da Inna ta gyara min wayoyin fiyano

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ranar da na kai fiyano biyu rugarmu a Wurogauri za ta saura. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ni kuwa ina saurayi mai rawar kai, ina bin wata 'yar ƙungiyar kiɗa a Gwandu da aron kayan mutane. Son mallakar nawa ya hana ni sukuni, har na sayar da karsanar da Baffa, mahaifina, ya ba ni tun ina goye. Daga ranar ya daina kallon fuskata. In na gaishe shi, sai ya amsa wa ƙasa.

Wani Alhaji mai sayar da kayan Kwatano a Kalgo yana da fiyano biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko sabo ne fil, mai sheƙi, ka danna nan ganga ta tashi, ka danna can algaita, kuma duk abin da ka saita yana riƙe maka. Na biyu tsoho ne, baƙi, mai nauyin tsiya, fuskarsa cike da ramuka da kunnuwan murɗawa irin na rediyo. Ba ya zuwa da murya ko ɗaya. Sai ka soka waya daga wannan rami zuwa wancan, ka yi ta murɗe-murɗe har ka ƙera sautin da kake so, kuma da ka zare wayar shi ke nan, ya manta.

Na yi ta safa da marwa a shagon nan har Alhaji ya gaji. Ya ce, "Kai ɗan Fulani, ka ishe ni. Ɗauki duka biyun da janareta, ka tahi ka gwada. Amma in la'asar ta yi ban gan ka ba, wani na ba."

Dalilin da ya sa na nufi ruga shi ne sarewa. Baffa ya yi suna da busa a kiwo, sai ciwon ƙirji ya cinye masa numfashi, sarewar ta koma rataye a jikin bukka. Na ƙudurta cewa wanda ya iya fitar da muryarta, shi zan saya, ko Baffa zai dube ni.

Sabon na fara gwadawa. Yana da wurin sarewa, amma muryar ta fito sumul, ba huci ba kaushi, kamar butar shayi ta tafasa. Na koma kan tsohon. Zufa na zuba, janareta na ihu, ina soka waya ina zarewa, ina tashi ina zama. Can bayan azahar, ban san abin da na taɓa ba, sai ga ta: siririyar murya mai iska a gefenta. Tsigar jikina ta tashi. Na kashe janareta don kada mai ya ƙare, na ruga bakin fadama kiran Baffa. Da ƙyar ya yarda ya biyo ni.

Muna isowa na ga Inna, mahaifiyata, zaune kusa da tsohon fiyanon tana murmushi. Ta zare wayoyin kaf, ta naɗe kowace ɗaya tsaf yadda take naɗe igiyar ɗaure maruƙa, ta bi kunnuwan da tsumma ta jera su suna kallon gefe guda.

"Na ga sun cukurkuɗe ne, ɗana," in ji ta. "Wa ka barin igiya hakanga?"

Wallahi kuka ne kawai ban yi ba. Rana ta karkata, Alhaji na jira, Baffa na tsaye da sandarsa a kafaɗa. Na tayar da janareta, na soma soke-soke. Abin ya yi kukan jaki, ya yi na kwaɗo. Na tabbata Baffa zai juya.

Sai na ji ya ce, "Wannan ta yi kauri. Rage ta."

Maganarsa ta farko ke nan gare ni tun tafiyar karsana. Na rage. Ya tsuguna kusa da ni, ya karkata kunne. "Ina iskar? Sarewa ba ta kuka ba numfashi." Na ƙara. Haka muka yi ta yi, shi da kunne ni da yatsu, har ya ɗaga min hannu. Ya rera wata busarsa ta kiwo a hankali, na bi shi. Inna ta rufe baki da gefen zane. Da muka kai ƙarshe, Baffa ya ce, "Mai da mai ƙyallin nan. Wanga shi ka jin magana."

Na isa Kalgo ana sallame la'asar, na ajiye wa Alhaji sabon.

Abokan kiɗana sun yi min dariya, kuma suna da gaskiya, don tsohon nan bai taɓa yi min rana a gidan biki ba. Amma da yake ba ya riƙe komai, duk zuwana ruga sai mun sake zama da Baffa mun nemo muryar daga farko. Damina biyu muka samu muna haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan na daina auna darajar kaya da sauƙin da yake kawowa. Da sabon na saya, da danna ɗaya ya gama aikin, da kuma Baffa bai tsuguna kusa da ni ba.