Ranar da Na Ɗaga Waƙa a Ɗakin Masu Shiru

Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina sayen littafin rubutu saboda ita, sau uku ina ƙarewa da jera cefane a ciki. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce na yi wa bayin Allah ba'a. To, idan ba'a ce, ni ma ina ciki.

Shekarata ta biyu ke nan a New York, ina aikin wanki a wani gidan tsofaffi a Bronx. A gida, kaka lokacin cika rumbu ne. A nan kuwa itatuwa ne ke zubar da ganye har su tsaya tsirara, ba dawa, ba acca, ba gyaɗa. Mutanen garin mota suke shiga su yi doguwar tafiya don kallon ganye yana mutuwa, su dawo su share na ƙofar gidansu su ɗure a leda. Ni a shekarar farko na ɗauka cuta ce ta kama itatuwan, har na sa su a addu'a.

A watan Nuwamba matar fastonmu ta tashi a zumuntar mata ta ce, "'Yan'uwa, bana Kirsimetin natsuwa za mu yi. Ku dubi itatuwan nan, sun sauke kayansu sun yi shiru a gaban Ubangiji." Muka ce amin. Ko rufe Littafi ba ta yi ba ta zaro takarda: anko, cincin, naman akuya, abincin da za a kai wa maƙwabtanmu Musulmi.

Wata dattijuwa ta ce, "Mama, ita natsuwar a wace rana aka sa ta?"

"Ke dai ki kawo albasa," in ji Mama. Sai ta juyo kaina. "Ke kuma, 'yar'uwa, ba miji ba yara, ai ke ce mai lokaci."

Kowa ya manta da wa'azin, ban da ni. Na yi wa Allah alkawarin shirun rabin awa kullum har Kirsimeti, kuma alkawari da Allah ba abin wasa ba ne. Amma da na rufe ido sai in ga risho. Na kashe? In tashi in duba. In dawo in zauna, sai in tuna telan nan ɗan Nijar na Harlem da ya rantse mini anko zai fito jibi, jibin da ta yi mako uku tana hanya. Kwanaki suna tafiya, ko sau ɗaya ban cika ba.

Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti, da safe, aka aike ni karɓo ankon, don mu sujadarmu sai da rana, bayan masu cocin da muke ara sun gama tasu. Na karɓo, na shiga jirgin ƙasan da ba nawa ba, ya yi kudu da ni. Na fito a unguwar da ban sani ba, sanyi yana cizon kunnena. Sai na ga mutane suna shiga wani tsohon ginin jan bulo, a hankali kamar masu zuwa gaisuwar rasuwa. Na bi su don in ji ɗumi.

Benci ne kawai a ciki, suna fuskantar juna. Ba gicciye, ba mumbari, ba ganga. Na zauna da ƙullin kayana a cinya. Kowa ya yi shiru.

Minti goma, babu fasto. Minti ashirin, babu. Hankalina ya tashi. A wurinmu, in fasto ya makara, mata ne ke rufa masa asiri: ɗaya ta ɗaga waƙa, sauran su amsa, har ya iso yana share gumi. Na duba matan wurin, manya-manya da furfura, ko ɗaya ba ta motsa ba. Na ce a raina, wannan wace irin zumunta ce, za ku bar bawan Allah ya sha kunya a gaban baƙuwa?

Sai na miƙe na ɗaga, da Hausa, da dukkan muryata. Na kai inda ake amsawa, na tsaya. Shiru. Na sake, har da tafi don in nuna musu hanya. Shiru. Duk macen da ta taɓa ɗaga waƙa aka bar ta ita kaɗai ta san abin da na ji. Na zauna.

Ba wanda ya harare ni, wannan ya fi ciwo. Suka ci gaba da shirunsu. Kunya ta hana ni fita, sai na sunkuyar da kai. Abin mamaki, risho bai zo ba, tela bai zo ba. Ban san tsawon lokacin da na yi haka ba. Can sai suka fara gaisawa da hannu. Wata tsohuwa ta riƙe nawa ta ce ta gode. Na fizge na gudu.

Washegari abokiyar aikina ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ai mutanen ba su da fasto, shirun shi ne sujadarsu. Wato abin da na yi makonni ina nema, ranar da aka ba ni shi a ɗaki mai ɗumi, ni na fasa shi da tafi.

Na koma neman ginin ya fi a ƙirga, ban gane titin ba. Don Allah, duk wanda ya san inda masu irin wannan sujada suke taruwa a kudancin Manhattan, ya sanar da ni. Ina so in roƙi gafararsu. Kuma a tambayar mini su, ko suna barin wadda ta taɓa yi musu ihu ta sake zama a bencin baya.