Man da na ɓoye a kwalbar man kaɗe

Shekarar da za a yi bikin ƙanwata ina aiki a sakatariya a Dutse. Wata abokiyar aikina ta kawo mana mai a robobi marasa rubutu, ta ce haɗin gida ne, wata biyu ya isa mutum ya yi haske. Na saya. Sai dai maigidana ba ya ƙaunar bilicin ko kaɗan, in ya ga mace fuska fara yatsu baƙi sai ya yi ta istigfari har mu iso gida. Don haka na juye man a tsohuwar kwalbar man kaɗe, na ajiye a gaban madubi.

Na fara haske kuwa. Da ya tambaya na ce masa sanyin na'urar ofis ne, ya ce lallai gwamnati na ƙoƙari. Abin da ya dame ni shi ne man yana ƙarewa da wuri, har na fara zargin mai sayarwar da tauye mudu.

Bayan wata huɗu sai na fara jin kamar tururuwa na yawo a kan yatsuna da leɓena. Ga mantuwa. Wata rana har na zuba sukari a miyar kuka. Maigida kuma hannunsa ya kama rawa, shayi ba ya kaiwa baki sai rabinsa ya zube a riga, a ofis aka dawo masa da takarda aka ce sa hannun ba nasa ba ne. Faɗa muke yi a kan komai, har a kan wanda ya bar murfin buta. Hajiya mahaifiyarsa ta zo daga Jahun ta dube mu, ta ce ni ciki ne da ni, shi kuma goro ya yi masa yawa.

Ɗanmu ne ya kai mu asibiti. Shekararsa uku lokacin. Ya daina cin abinci, kuka ba dalili, tafin hannunsa ya yi ja yana saɓa, in ya tashi tafiya sai ya riƙa tangaɗi. Ranar da ya faɗi tsakar gida ba abin da ya taɗe shi, na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Likitar mace ce mai haƙuri. Ta duba yaron, ta kalli hannun babansa yana rawa, ta tambaya ko muna yawan cin manyan kifaye, ko wani a gidan yana aikin haƙar zinariya. Sannan ta tambaye ni man da nake shafawa. Na ce man kaɗe. Ta kalli fuskata, ta kalli gaɓoɓin yatsuna. Ta ce wa maigida ya cire safa ta gwada jijiyar ƙafarsa.

Ya yi ta jan lokaci. Da ya cire, sai ga ƙafafu farare tas har idon sawu, kamar ya aro su. Ashe tun watanni yake lakatar man yana shafa wa kaushi, da ya ga abin da ya faru sai ya koma sa safa ko'ina, har masallaci, a tsakiyar zafin bazara.

"Malam, me kake shafawa?" in ji likita.

"Man kaɗen madam ne," ya ce. "Mai kyau ne sosai."

A nan na faɗi gaskiya, kaina a ƙasa. Bai iya yi mini wa'azi ba, yana zaune da waɗannan ƙafafu.

Aka ɗebi jininmu da fitsari aka tura Kano tare da man. Sakamako ya nuna akwai zaiba, wani sinadari mai guba, a cikin man da jikinmu. Likita ta ce gubar tana bin fata ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ta fi yi wa yara illa. Yaron bai taɓa shafawa ba, ta tawul da zanin gado da goyo ya samu. Ta ce in gode Allah hasashen Hajiya bai zama gaskiya ba, don ɗan ciki ya fi kowa cutuwa.

Muka rabu da tawul da zannuwa, muka sha magani na tsawon lokaci. Na je bikin ƙanwata da kalata ta asali, da ɗan ƙari. Rawar hannunsa ta tafi a hankali. Ni har yau kan yatsuna biyu a mace suke, ba na iya zura zare a allura.

Yaron ya warke, amma maganarsa ta yi jinkiri, kusan shekara muna ƙirga kalmominsa ɗaya-ɗaya. Yanzu yana aji uku. Kwanan baya malamarsu ta kira mu ta kawo ƙara, wai surutunsa ya hana aji karatu. Babansa ya yi mata godiya sosai, ta tsaya tana kallonmu ba ta gane ba.