Muryar da Yaya Ta Ajiye wa Funtua

Duk unguwarmu a Dayi babu mai murya kamar yayata. In ta daka wa akuya tsawa, har masu shayi a bakin titi sai sun waiwayo. Amma shekarar da malaminmu na Islamiyya ya sa ta a musabaƙar karatun Alƙur'ani, sai gidanmu ya yi tsit.

Abin mataki-mataki ne: a fara a gari, a je Malumfashi, waɗanda suka tsallake su wuce Funtua. Ita tun ranar farko Funtua take hange. Ta daina shan ruwan randa, ta bar ƙanƙara da yaji, sai ruwan ɗumi da zuma da citta. Ni kuwa na samu abin yi. In ɓoye mata takalmi, in zubar mata da kwalli, iyakarta ta harare ni ta nuna ni da yatsa. Kai, na sha shagalina!

A Malumfashi ta zo ta uku. Baba ya dawo yana faɗa: "Ke da nake jiyo ki daga gona, yau kike karatu kamar mai jin yunwa?"

Ta ce a hankali, "Baba, mutum uku ake ɗauka. In na juye muryar a nan, me zan kai Funtua?"

Ana gobe tafiya aka aike ni kai wa Baba abinci gona. Dawa ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, na ɓace a cikinta. Na yi ta zagaye ina kuka har rana ta yi sanyi, tsoro ya gama cika ni. Can sai na jiyo ta. Muryar nan da aka yi ta lallaɓawa, ta sake ta gaba ɗaya tana ƙwala mini kira, ba ta tsagaita ba har na bi sautin na faɗo jikinta. Ta ɗirka mini dundu, sannan ta rungume ni.

Washegari muryar ta dishe. Ta zauna gaban alƙalai a Funtua, ko aya biyu ba ta kai ba abin ya ƙi. Na yi kuka ya fi nata.

A motar dawowa na kasa kallonta. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri."

Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, ta ce da 'yar guntuwar muryar da ta rage, "Rufe mini baki, ke dai. Da ba ki fito ba, wa zan riƙa yi wa tsawa?"