Jan Fenti a Rediyon Kawu

Abin da zan rubuta ya fito ne daga abin da na gani da idona, da wanda mai gyaran rediyo ya gaya mini daga baya. Ban riƙe shekarar ba. Na dai san ƙarshen shekarun 1980 ne, bayan an sayar da auduga.

Kawuna mawaƙin manoma ne a Malumfashi. Da aka fara ɗaura lasifika a wurin biki, sai ƙararta ta riƙa danne masa muryar 'yan amshi, yana shiga waƙa kafin su sauke. Har ya ce zai daina sana'ar.

Mai gyaran, wani Bayarabe haifaffen Funtua, ya ajiye makirfo marar waya a gaban 'yan amshi. Ya sa ƙaramar rediyo mai kamo muryarsu a aljihun kawu, ya zaro wayar sauraro ta cikin riga zuwa kunnensa. Sannan ya ɗiga jan fenti a jikin abin ƙara murya.

"Malam, kada ka wuce nan," in ji shi. "Ba na sayar da sabon kunne a shagona."

A Kafur aka gwada, da la'asar. Kawu ya jira amshi ya sauka, ya shiga daidai, har mai kalangu ya yi dariya. Bai sake zancen dainawa ba, kuma yana ji sarai har yau.

Sai dai da na karɓi rediyon a ranar, na tarar an ɗan wuce fentin. Kawu ne ya murɗa, ko gugar aljihu ce?