Siminti Yatsa Biyu

Shekara arba'in da ɗaya Mai Rami ya yi yana kallon motoci ta ƙarƙashi. Sunan ma a ramin gyaran mota ya samo shi, don tun yana saurayi in ka zo nemansa a babban gareji sai dai a nuna maka ƙasa, ka ji murya tana fitowa daga ƙarƙashin mota tana tsine wa wanda ya ɗaure noti da hannun ragwanci. Bakanike ne na gaske, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma fa masifa gare shi kamar ya ci babu, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne ha'inci: a shafe tsatsa da fenti, a ɗaure salansa da waya, a ce wa mai mota an gama. Yana da wata 'yar guduma mai ƙotar katako da ba ta rabuwa da aljihunsa. Zai bi jikin mota yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, in wuri ya amsa da sautin holoko sai ya ɗago ya harari mai motar, ya ce, "Nan an binne ƙarya."

Da ya bar babban gareji sai ya koma aiki a gida, a wani ɗaki da ke manne da katangarsa, mai cin mota ɗaya da teburin kayan aiki. Babu rami a ciki. Jak yake sawa ya ɗaga mota, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine ya sulale ƙarƙashi. Haka ya yi ta yi har wata safiya da ya shiga ƙarƙashin motar maƙwabcinsa, bayansa ya riƙe, ya kasa fitowa. Matarsa da maƙwabcin ne suka jawo shi ta ƙafa kamar buhu, yana zaginsu su biyun har suka kai shi bakin ƙofa.

Likita bai ɓoye masa ba. Ya ce kwanciya a daɓe ta ƙare. Ko dai ya samu na'urar da za ta ɗaga mota sama ya yi aiki a tsaye, ko ya ajiye sifana ya zauna ya huta. Mai Rami ya dawo gida ransa a ɓace. Hutu! Shi da bai san abin da ake yi da hannu ba in babu baƙin mai a jikinsa? In aka raba shi da garejin nan, to a haƙa masa kabari kawai.

Babban ɗansa, wanda gidan ke kira Injiniya don dai ya iya kwamfuta, shi ya ɗauki maganar. Ranar Asabar ya zo ya zauna kusa da uban a falo, ya miƙo masa waya da hotunan na'urorin ɗaga mota.

"Baba, iri uku ne. Ga mai ƙafa huɗu, a kanta ake hawa da mota. Ga mai kama da almakashi. Ga kuma mai ƙafa biyu."

Mai Rami bai buƙaci bayani ba. Mai ƙafa huɗu za ta cinye ɗakin ta bar shi a waje. Mai almakashi kuwa tare cikin mota take yi, daidai inda bakanike ke son sa hannu. Mai ƙafa biyu ita ce magana: ginshiƙai biyu, hannuwa huɗu su tallabi mota, tayoyi na lilo, cikinta a buɗe tun daga inji har salansa. Ya yi shekaru yana kwaɗayinta a garejin mutane. Har ya fara murmushi sai Injiniya ya karanta layin ƙarshe.

"Sai dai sun ce da manyan kusoshi ake kafe ta a ƙasa, don haka dole kankaren ya yi kauri, kusan taƙi guda. Daɓenmu ya kai ai, ko Baba?"

Nan take murmushin Mai Rami ya ɓace.

Da can akwai rami a garejin nan, shi ya haƙa abinsa. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, 'yarsa Auta tana 'yar shekara huɗu ta biyo shi da gudu ta faɗa ciki, hannunta na hagu ya karye a gwiwa. Da ya dawo daga asibiti bai ko sha ruwa ba, ya hau cike ramin da duk abin da hannunsa ya kai gare shi: tsofaffin tayoyi, gwangwanayen mai, ruɓaɓɓiyar kujerar mota, ɓaraguzan bulo. Buhun siminti ɗaya ke gidan, shi ya kwaɓa ya shafe saman, kaurin yatsa biyu, ya goge shi sumul. Ya ce gobe zai fasa ya yi na kirki. Goben ba ta zo ba. Da mutane suka fara yaba kyan daɓen, sai bakinsa ya zame ya ce taƙi guda ne, har da rodi a ciki. Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau goma, har ya zama abin da yake yi wa birkiloli gori da shi. Daga baya aka faɗaɗa ɗakin aka matsar da ƙofa, tsohon ramin ya koma gefen hagu, inda ba mota ke bi ba. Wato daidai inda ginshiƙin hagu zai tsaya ke nan.

Mutumin kirki da sai ya ce, "Ɗana, akwai magana." Amma wanzami ba ya son jarfa. Mai Rami ya ture wayar ya hau borin kunya.

"Ni kake tambaya kaurin daɓe? Ni? Da hannun nan na zuba shi kana yawo ba wando!"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba, tambaya ce kawai."

"Kuma wa ya ce ina so? Dubi launinta, ja kamar motar kashe gobara. Za ta taɓa silin. Za ta sha wuta. In ta lalace, kai za ka gyara da kwamfutarka?"

Injiniya ya auna silin, ya isa har da saura. Ya kirawo mai gyaran wuta, ya ce layin zai ɗauka. Ya samo shuɗiya maimakon ja. Duk ƙofar da uban ya ɓullo ta, sai ɗan ya bi ya toshe cikin ladabi, ladabin nan kuwa shi ya fi ƙona wa Mai Rami rai. Mako biyu gidan ba zaman lafiya. Ya yi faɗa da matarsa a kan shayi ya yi sanyi, aka ɗumama ya yi faɗa ya yi zafi. Sau biyu kuma Injiniya ya sake taɓo maganar daɓen, sau biyun uban yana tayar masa da jijiyar wuya. Ƙarshe dai yaron ya ɗauka rigimar tsufa ce kawai, ya ce a kawo.

Ranar Talata da hantsi mai kafa na'urar ya iso da ginshiƙan a bayan a-kori-kura. Mutum ne mai gaggawa, yana duba agogo, wai wurare biyu na jiransa. Ya ja layi da alli, ya zana inda kowace ƙusa za ta shiga. Mai Rami na zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofa, ya haɗe rai, yana jujjuya 'yar gudumarsa.

Gefen dama, inda birkila ya zuba lokacin faɗaɗawa, injin huda ya sha wahala. Ya yi ta gurnani yana fitar da farin gari kafin kowace huda ta samu. Da aka koma hagu kuwa, ko numfashi biyu ba a yi ba ƙarfen ya zurma gaba ɗaya har hannun mutumin ya bugi ƙasa. Ya zaro shi, ga baƙin abu kamar roba a bakinsa. Ya dubi ƙarfen, ya dubi dattijon. Injiniya na waje yana amsa waya. Sai mai kafawa ya sake duba agogo, ya sa hannu a jaka, ya ajiye dogayen kusoshin ya ɗauko gajeru.

"Za ta riƙe, Baba," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ai ba tirela za ka ɗaga ba."

Mai Rami ya ji jininsa na tafasa. Ga ha'inci ana yi a garejinsa, a gaban idonsa, kuma ba shi da bakin magana, don a kan nasa ake ɗorawa. Sai ya fara lallashin kansa. Ƙananan motoci kawai zai riƙa karɓa. Ba zai ɗaga su can sama ba. In ma ta faɗo, ai shi kaɗai ne a ƙarƙashi, tsoho mai ruɓaɓɓen baya, wa aka cuta?

Yana cikin wannan lissafin na banza ya ji odar motar Auta. Ta girma yanzu, malamar makaranta ce, ta yi aure, amma har gobe hannun nan na hagu ba ya miƙewa sosai. Ta shigo tana dariya, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zagaya ginshiƙan tana shafawa.

"Baba, na riga kowa. Motata za a fara ɗagawa. Kuma ni zan fara shiga ƙarƙashi, in riƙe maka tocila, in ga abin da ka yi shekara arba'in kana kallo ka hana mu. Duk Asabar zan riƙa zuwa, ka koya mini canjin mai in huta da 'yan damfara."

Tana maganar tana tsaye a kan layin allin hagu, ƙafarta a gefen hudar.

Mai Rami ya miƙe, bayansa ya soke shi, bai kula ba. Ya ce, "Matsa daga nan." Ta ɗauka wasa ne. Ya daka mata tsawar da ta sa Injiniya ya shigo da gudu, matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ya dafa ginshiƙi ya sunkuya da kyar, ya ƙwanƙwasa daɓen dama da 'yar gudumar. Sauti ya fito a cike. Ya ja ƙafa zuwa hagu ya ƙwanƙwasa. Ko kurma ya ji bambancin.

Duk gidan sun san abin da yake faɗa in ya ji wannan sautin.

"Nan an binne ƙarya," in ji shi. "Ni na binne ta."

Ya juya kan mai kafawa kamar zai cinye shi. "Kai kuma, marar tsoron Allah, mayar da gajerun kusoshinka jaka! Ka gani da idonka za ka rufe? Haka aka koya maka aiki?" Mutumin ya buɗe baki zai ce ai ba shi ya fara ba, ya dubi fuskar dattijon, ya fasa. Mai Rami ya nuna wa Injiniya babbar guduma a jikin bango, ya ce ya fasa wurin. Bugu uku daɓen ya rufta. Ga taya, ga gwangwani, ga soson kujera ya zama gari.

Injiniya ya ajiye gudumar yana haki. "Haba Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

"Sau uku aka tambaye ka," in ji matarsa. "Ni kuwa ban tambaya ba, don shekara ashirin ina sharar wurin nan, ina jin yana amsa mini kamar ƙwarya. Na ce bari in ga ranar da gudumar za ta bi ta kan mai ita."

Ya harare ta.

Sati guda aka yi ana kwashe shara daga ramin. Aka cike shi da tsakuwa aka daddaɓe, aka shimfiɗa rodi, aka kira birkila. Mai Rami ba ya iya ɗaga ko shebur, don haka ya kafa kujerarsa a bakin wurin ya sa bawan Allah a gaba tun safe: yashin ya yi yawa, ruwan ya yi yawa, wannan kwaɓin ko na miya. Birkilan, wanda ya sha gori a kan daɓen taƙi guda shekara da shekaru, ya yi ta murmushi yana cewa, "To, Baba. Yatsa nawa ka ce a yi?"

Kafin a zuba kankaren Mai Rami ya ce sai an auna zurfin a gabansa. Ya yunƙura zai sunkuya, bayansa ya hana shi. Auta ta karɓi tef ɗin awo ta durƙusa ta zura shi, da hannun hagun nan da ba ya miƙewa.

"Taƙi guda cif, Baba."

Ya daɗe yana kallon gwiwar hannun, bai dubi tef ɗin ba.

"A ƙara yatsa biyu," in ji shi.