Baƙon da ke cikin tukunyar Gwaggo

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Gwaggo Falmata, yayar mahaifina, mai maganin gyambo a unguwar Birni. Ta tafi a cikin fari, lokacin da 'yan ƙauye suka cika Damagaram suna neman abin kaiwa baki. Har yau in na tuna ta, tukunyarta nake fara gani kafin fuskarta.

Ƙaramar tukunyar ƙasa ce, tana ajiye a bayan randa. Gwaggo takan fita ita kaɗai hanyar Mirriya, ta tono saiwa ɗaya tak, ta mayar da ƙasar ramin. In ta dawo sai ta tsaga saiwar, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta rufe. Bayan kwanaki sai wata farar fumfuna ta fito daga cikinta kamar furfura. Ita take kira baƙo. Takan ce saiwa masauki ce kawai, baƙon ke aiki.

Ni kuwa a lokacin na fito daga lakwal, wato makarantar boko, sabon malamin asibiti, farar riga tana ɗibata. Yunwa ta sa ciwo kaɗan sai ya ruɓe, magani ya yi wuya, layin masu gyambo ya koma ƙofar Gwaggo. Abin ya ba ni kunya. Sau biyu tana ce mini, "Ɗan nan, zo mu je in nuna maka itaciyar tun ina da ƙafa." Sau biyu ina cewa ina da aiki.

Wata safiya na buɗe tukunyar, wari ya buge ni, na juye ta a kwata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Ka kori baƙona. Makiyaya sun sare uwar itaciyar sun ba awaki, wannan ce ta ƙarshe." Damina ba ta same ta ba.

Yanzu 'yata Hadiza tana karatun haɗa magunguna a jami'a. Bara ta nuna mini hoto a wayarta: guntun saiwa a faranti, an wanke bayanta tas, amma ga farin zare ya fito daga ciki, ƙwayoyin cutar da aka shuka kewaye da shi sun ja da baya. Ta ce akwai fumfunar da ke zaune cikin saiwar itatuwa ba ta cutar da su, wata tana fitar da abin da ke kashe ƙwayoyin cuta, wata kuma guba ce, sai an gwada ake bambancewa. Na zauna ina kallon hoton.

Me Gwaggo za ta ce da ta ga baƙonta a faranti, masu farar riga sun kewaye shi suna rubutu? Na san ta. Dariya za ta yi, ta ce ashe har yanzu da tsohuwar zuma ake magani. Sannan ta tambaya ko sun mayar da ƙasar ramin.

Ban ce duk abin da ta yi daidai ne ba. Wataƙila ta yi sa'a, wataƙila ta sani. Abin da ke cina shi ne, ni na rufe ƙofar da za a bi a gane. Mun bi hanyar Mirriya da Hadiza, daga sabara zuwa kalgo, tana tambayata, "Baba, wacce ce?" Ban sani ba. Da na sani ƙeya ce.

Abin da ya rage na Gwaggo shi ne tsofaffin da ke ɗage wando su nuna mini tabo, da Hadiza, jikar da ta gaji hannunta ba ta taɓa ganinta ba, sai kuma tukunyar. Da Hadiza ta gan ta, ido ya kawo haske. Ta ce ƙasar tukunya tana riƙe irin fumfuna shekaru, a bar ta ta kankare cikin.

Dole na gaya mata gaskiya. Ran da na juye ta, sai da na wanke ta da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, sau uku, yadda aka koya mini.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta yafe mini.