Keken da na huda a hanyar Gangara

Litinin: Gidan Rumji zuwa Maraɗi

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na shiga motar farko mai zuwa Maraɗi. Ɗiyata ta fari ta haihu a Gangara, suna ranar Alhamis, ni kuwa na riga na faɗa wa kowa a kan keke zan je. Tun da na bar koyarwa a lakol, yawon keke shi ne abin da ya rage mini: tabarma, ƙaramar tukunya, butar shayi, in ɗaure a baya in kama hanya. Tsohon kekena ya karye a wuya bara. Hajiya, uwargidana, ba ta son wannan yawo ko kaɗan, don haka muka yi sharaɗi da ita: in na shiga Gangara a kan keke, ta sa mini ido, in kuwa aka kai ni a mota ko amalanke, na bar keke har abada. Na yarda da sauri, domin na san ƙafafuna.

Kilomita hamsin ne da ɗoriya, shingen jandarma ɗaya, ƙarfe bakwai muna tasha. Alhaji mai kekuna ya jera mini guda biyu. Ɗaya baƙi ne mai nauyi, irin wanda ake ɗora wa buhun gero. Ɗaya kuma na gwanjo ne, ruwan toka, mai giya, ana ɗaga shi da hannu ɗaya. Alhaji ya ce baƙin ya fi dacewa da ƙauye, ni kuwa na ce ba gero zan ɗauka ba. Na matsa birki, na girgiza kariya, na zagaya kasuwa sau biyu, na ce mai tokar nake so. Ya ce in tafi da shi gwaji har Lahadi, in bai yi mini ba in maido in ɗauki baƙin, amma da sharaɗin kada a taɓa komai a jikinsa.

Talata: Maraɗi zuwa Agye

Na tashi ƙarfe shida. Kwalta ce kusan kilomita tamanin, keken nan kuwa tafiya yake kamar ana tura ni. A Cadawa na sha kunu da ƙosai na dala arba'in. Wani jandarma ya karɓi katina, ya dubi furfurata ya dubi tukunyar, ya tambaye ni ko an kore ni daga gida ne. Na ce masa saura kaɗan. Ƙarfe huɗu na isa Agye, na sauka gidan wani tsohon abokin aikina, aka ba ni tuwon gero miyar kuka.

Laraba: Agye zuwa wani ƙauye

Kafin ƙarfe tara na wuce Gazawa, na bar kwalta na shiga yashi. Wani Bafulatani mai kiwo ya ga ina nutsewa, ya nuna mini in bi gefen burtali inda shanu suka daddaɓe ƙasa. Hanyar ta yi daɗi, sai dai ƙaya ce fal. Wajen sha ɗaya tayar baya ta sace.

Ban damu ba, wace kasuwa ce ba mai faci? Na tura keken awa guda zuwa wani ƙauye, na sami mai faci a gindin itacen bedi, Malam Sani sunansa. Ya liƙe hujin cikin minti goma. Da ya zo ba da iska sai ya tsaya. Bakin tib ɗin siriri ne kamar tsinke, irin na ƙasashen waje, famfonsa bai kama shi ba. Aka aro famfo uku a garin, duk ɗaya. Ni da na duba birki, na duba giya, na ƙirga waya, ban taɓa kallon inda iska ke shiga ba. Wallahi na ji kunya.

Malam Sani yana da sabon tib mai faɗin baki, irin wanda kowa ke amfani da shi, amma ramin da ke jikin ƙarfen tayar ya yi masa kaɗan. Ana cikin haka wani mai amalanke da zai je Gangara ya ce in ɗora keken in hau, kyauta. Na ce masa na gode.

"Mushe, magana biyu ce," in ji Malam Sani, don haka ake kiran malamin lakol a wajenmu. "Ko amalanke, ko in kai wa maƙeri ya faɗaɗa ramin. In an huda kuwa, ya zama naka, ba mai karɓarsa."

Na dubi keken. Kwana biyu bai ba ni ciwon baya ba, kariyarsa ba ta motsa ba, aibinsa guda ɗaya ne kuma na gan shi.

"A huda," na ce. "Gaba da baya."

Maƙeri ya sa magagari, Malam Sani ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa a ciki saboda ƙaya. La'asar ta yi kafin su gama, na kwana a zaurensa.

Alhamis: Gangara

Na tashi bayan asuba, na isa ƙarfe bakwai saura kwata, mutane na zazzaune a ƙofar gida, ana raba goro da dabino. Ban sauka ba sai da na kai bakin tabarma, don kowa ya gani. Aka raɗa wa jikata suna ina zaune kusa da liman, ƙura har gwiwa. Da aka miƙo mini ita na karɓe ta na yi mata addu'a.

Komawa gida

Juma'a na huta, Asabar na kamo hanya, na biya ta wurin Alhaji ran Lahadi na ce masa baƙin ya nemi wani. Litinin ƙarfe biyar na yamma na shiga Gidan Rumji. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya, sai abokina na Agye, da Malam Sani da maƙerinsa, da makiyayin da ban tambayi sunansa ba.

Hajiya ta riga ta ji labari a waya. Ta kawo ruwa, ta tambayi mai jego, ta tsaya tana kallon keken ta daɗe. Sannan ta kwance tukunyar daga kariya ta ce ta yi ƙanƙanta, in zan sake fita in ɗauki tata mai murfi.